Dutsen da Ya Faɗo Gonar Inna

Ina cikin aji ina koya wa ƴan lise, wato babbar sakandare, darasin nauyi lokacin da muka ji ƙarar. Da hantsi ne, cikin rani, sama tas babu ko ɗigon gajimare. Ƙara ce guda mai zurfi, sai wani gurnani ya biyo bayanta har tagogin aji suka yi rawa. Yara suka ce tayar kamiyon kaya ce ta fashe a wajen duwan, inda ƴan kwastan suke, ni ma na yarda, domin a Gaya ta Nijar, garin bakin iyaka, kunnenmu ya saba da irin wannan. Na buga tebur na ce a yi shiru, muka ci gaba. Sai bayan azahar wani mai kabu-kabu ya zo har ƙofar lakwal, wato makarantarmu, ya ce in je gida, wani abu ya faɗo wa mahaifiyata a gona.

Kafin in faɗi abin da na tarar, sai na koma kwana huɗu baya. Inna da ƙanenta, wanda muke kira Kawu, su biyu kaɗai iyayensu suka bari. Uwarsu ta rasu yana shan nono, Inna ce ta goya shi tana yarinya. Kakana tun da ransa ya raba musu gonarsa da ke kan hanyar Bengu, ya dasa layin gamba a tsakani ya zama iyaka. Giginya biyu suna tsaye dab da layin, ta gefen Kawu. Shekara da shekaru Inna ke tsince ƴaƴansu tana binnewa su tsiro ta haƙi muruci, wanda shi ne sana'arta, Kawu bai taɓa cewa uffan ba. Shi mutumin ruwa ne, jirginsa kaɗai ya dame shi. Sai a shekarar matarsa ta fara murucin ita ma, ya zo ya ce a bar masa ƴaƴan itacensa. Magana ta yi tsami, Inna ta goranta masa goyo a gaban mutane. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "To, Yaya, za ki gani." Ina wurin ina gyaran takardun ɗalibai, ban ko ɗaga kai ba. Kawu kowa yake gaya wa haka, har injin jirginsa idan ya ƙi tashi.

Na tarar da Inna zaune a tsakar gida, mata sun kewaye ta, ƙafafunta duk ƙasa. Ko ƙwarzane babu a jikinta. Abin ya faɗi taku huɗu daga inda take duƙe, ya watsa mata ƙasa a baya. Na wuce gonar na tarar da taro. Tuni an samo wata Bafulatana an juye ƙwaryar nono a ramin, domin a wurinmu ba a taɓa abin da aradu ta jefo sai an sanyaya shi da nono. Wani tsoho ya sa hannu da bisimilla ya fito da shi. Dutse ne baƙi wuluk, bai kai kan jariri ba, amma nauyinsa ya fi girmansa, jikinsa da ƴan lotsawa kamar an danna yatsu a ɗanyen yumɓu. Tsohon ya ɗaga kai ya dubi sama, ya sake duban dutsen, ya ce, "Aradu da rani, sama wankakka? Wagga ba da kanta taz zo ba, aiko ta anka yi." Babu wanda ya ambaci sunan Kawu, kuma babu wanda bai tuna shi ba.

Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, murna nake yi. Tun daga nesa na gane ko mene ne. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da fizik da alli da baki, ina zana duniyoyi a allo, yau ga wani yanki na sama an ajiye mini a gonar uwata. Na ƙunshe shi a gyalena, duk ƙarnin nono, na kai gida. Na ɓalle mayen ƙarfe daga tsohuwar rediyo na kara masa, ya manne. Na yi ta kiran mutane su zo su gani, uwata tana zaune gefe jikinta bai daina rawa ba.

Dattawan unguwa suka kira Kawu bayan kwana biyu. Suka ce abu ne mai sauƙi, ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba shi da hannu, magana ta ƙare. Kawu ya zauna ya sunkuyar da kai, aka yi juyin duniya ya ƙi. Bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne. Kafin sati ya zagayo ya kwashe iyalinsa ya haye kogi, ya kama ɗaki a Malanbil, garin ƙasar Binin da ke hayinmu. Inna ta ce daga ranar ba ta da ƙane, duk wanda ya ambace shi a gidanta ya nemi wata uwar. Na ji haushin Kawu ƙwarai. Na ɗauka girman kai ne ya hana shi faɗin kalma guda.

Amma ban damu sosai ba, don na tabbata gyara yana hannuna. Na fasa ɗan gefen dutsen na ba wani abokin aiki mai zuwa Yamai ya kai wa tsohon malamina na jami'a. Aka yi watanni, har na fara fidda rai, sai ya kira ni. Ya turo mini hoton inda suka yanka suka goge. Cikin dutsen cike yake da ƴan ƙwayoyi zagayayyu kamar gero a cikin dawo. Ya ce babu shakka dutsen sama ne, kuma waɗannan ƙwayoyin sun girmi ƙasar da muke takawa. Mun fi rabin awa muna magana, ni da shi kamar yara. Na ajiye waya na nufi wurin Inna da sauri, ina jin na zo da maganin ciwon gidanmu.

Na same ta tana ɓare dafaffen muruci tana jerawa a faranti. Na zauna na yi mata darasi kamar tana aji. Na ce akwai duwatsu ba iyaka suna zagaya rana, can tsakanin wasu duniyoyi biyu, wani lokaci su yi karo, gutsure ya kauce hanya, ya yi ta yawo har wata rana ya haɗu da duniyarmu. Na ce baƙin jikinsa ƙuna ce ta iska, ƙarar da muka ji kuma gudunsa ne. Na nuna mata hoton. Ta karɓi wayar ta nisanta da ido ta duba.

"Wanga gero da ke ciki, mi yay yi shi, Madam?" Haka take kirana idan tana son tsokana, kamar yadda ɗalibai ke yi.

Na ce narkewa ya yi a sarari ya daskare, amma abin da ya narka shi har yau masana ba su daidaita ba.

"Daga wane dutse yab ɓalle?"

Na ce ana hasashe, amma wannan namu takamaimai ba a sani ba.

"To mi yas sa duk faɗin duniyag ga, da kogi da daji da Binin da Najeriya, sai inda nike duƙe, kwana huɗu bayan an ce za ni gani?"

Na ce wannan kam, Inna, babu wanda zai iya gaya miki.

Ta miƙo mini wayata ta ci gaba da ɓare murucinta. Ta ce, "Sau uku ke nan kin ce ba a sani ba. To ni na sani."

Dole in faɗi laifina a nan, don ba ƙarya na yi mata ba, gaskiyar ce na faɗa da alfahari a inda ba ta da amfani. Ina da wata ɗabi'a da nake ji da ita a aji. Duk shekara sai na ware rana guda in gaya wa yara abubuwan da suka gagari masana. In ce musu taurari suna juyawa cikin garkensu da gudun da ya kamata ya watsar da su, amma wani abu mai nauyi yana riƙe da su, ba a taɓa ganinsa ba, kuma ya fi duk abin da ake gani yawa. In ce sararin nan yana ta buɗewa, buɗewar tana ƙara sauri, ba a san abin da ke tura shi ba. In ce an aika na'urori sun wuce duniyoyi na ƙarshe, an kafa kunnuwan ƙarfe ana saurare shekara da shekaru, har yau ba a ji wani ya ce ga ni ba. Yara su yi tsit, ni kuma in ji daɗi, in ce musu mai ilimi na gaskiya shi ne wanda ba ya jin kunyar cewa bai sani ba. Da wannan bakin na je wa mace da dutse ya kusa fasa wa kai. Tsoro ne yake cinta, ni kuma na ƙara mata faɗin duhun da take ciki.

Na sake gwadawa sau da yawa, duk da faɗa muke ƙarewa, domin zuciyata irin tata ce. Wata rana na ce mata imani da jifa jahilci ne, ta ce in tattara bokona in bar mata ɗaki. Muka yi sati ba ma gaisawa da kyau. Daga baya na gaji na bari. Na sa dutsen a cikin kwali a saman kabad, na daina ma kai shi lakwal.

Cikin haka aka rufe gadar da ta haɗa mu da Malanbil, kaya da mutane suka koma bi ta ruwa. Aikin Kawu ya buɗe. Jirginsa yana taɓa gaɓarmu sau da yawa a yini, ɗauke da buhuna da babura da fasinja, daga bakin kogi zuwa gidanmu kuwa tafiya ce da ba ta kai ta shan shayi ba. Bai taɓa hawowa ba. Sallah ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Aka yi wa ƴarsa aure, Inna ba ta je ba, ta kuma hana a kawo mata goron. Gonar ma ta daina zuwa, ta koma sayen ƴaƴan giginya a hannun wasu. Na sha ganinta tana dafa miyar kifi irin wadda yake so, ta zuba a kwano, ta tsaya da kwanon a hannu, sannan ta juye a tukunya.

A shekara ta biyu ƙafafunta suka fara kumburi, numfashi yana yi mata wuya. Likita ya ce zuciya ce, ya ba da magani, ya kira ni gefe ya ce in kira duk wanda ya kamata a kira. Na fito ina lissafin dangi, na ga duk wanda zan kira ɗan rakiya ne, mutum guda ne nata na jini, yana can hayin kogi. Tsoro ya kama ni cewa uwata za ta je gaban Ubangijinta da gaba tsakaninta da ɗan'uwanta, kuma da hannuna a ciki.

Na yanke shawarar yin ƙarya. Da safe na kai mata kunu, na zauna bakin gado na ce malamina ya sake kira, yanzu an gano komai, an san dutsen da ya ɓalle daga jikinsa, an san ranar, an san dalili. Ta dube ni da idanun nan da suka faɗa, har ta ɗan yi murmushi.

"Ƙarya ba ta karɓe ki ba, Madam. Hancinki buɗewa shikai. Ja ƙofa ki zamna."

Na ja ƙofa. Ta daɗe tana tattara numfashi kafin ta ce, "Kin taɓa tambayata mi nikai a gona ran nan? Kowa ya ɗauka muruci nike haƙa. Gamba nike tumɓukewa. Wadda Baba yad dasa da hannunai. Na cire gindi ukku, ina son in maida su bayan giginyun, in ce can iyaka take tun farko. Ina duƙe bisa na huɗu abin yaf faɗo."

Ta ce da mutane suka taru suka tattake wurin, babu wanda ya lura. Ta ce tun a ranar ta san ƙanenta ko kaza ba zai iya jifa ba. Amma idan ba shi ba ne, to gargaɗi ne daga sama, kuma an gan ta tana cin iyakar marayan da ta goya. Da tsohon nan ya ce aiko ta aka yi, sai ta kama maganar ta riƙe, don ta fi sauƙin ɗauka. "Ran da kinka zo da hotonki," in ji ta, "so nike ki ce mini dutse ne kawai, shina tafiyatai, bai san ni ba. Sai kinka yi ta ce mini ba a sani ba." Ta juya fuska ga bango ta ce, "Tafi ki zo mini da Kawunki."

Ban tsaya canja zane ba. A bakin kogi ana ta lodi, hayaniya da ƙamshin mai da kifi, na yi ta tambaya har aka nuna mini jirginsa yana shirin tashi. Na shiga na zauna kan buhun albasa kamar kowace fasinja. Ya gan ni, ya kau da kai, muka haye aka sauke kaya. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Da jirgi ya zama babu kowa sai mu biyu, na gaishe shi na ce Inna ba ta da lafiya, tana kiransa.

Ya dubi ruwa ya ce, "Ba ni iya zuwa, ɗiyata. Ina tsoron in ƙarasa ta."

Na ce ban gane ba.

"Kin san mi yah hana ni rantsuwa? Ban je wurin boka ba, ban je wurin malami ba, Allah shina gani. Amma ran da nib bar gidanku zuciyata tana tafasa, na ce Allah Ya nuna mata. Da bakina nif faɗa, a kan sallaya. Kwana huɗu sai ga dutse. Ƙaƙa zan dafa Littafi in ce ba ni da hannu?" Hawaye yana bin gemunsa bai share ba. "Shi yas sa nis sa ruwa tsakanina da ita. Ke da kinka yi karatun abin, gaya mini tsakaninki da Allah. Bakina ne?"

Shekara biyu kowannensu yana zaune a gaɓarsa yana ganin shi ne mai laifi, ni kuma ina tsakiya da kwali a saman kabad. Na ji tsohuwar amsar tana taso mini a maƙogwaro, domin gaskiya ne ban san hikimar Allah a kan faɗuwarsa a ranar ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Na haɗiye ta, na nemi abin da na sani tabbas. Na ce, "Kawu, na rantse da Allah dutsen nan yana kan hanyarsa tun ba a haife ka ba, tun ba a haifi kakan kakanka ba, tun kogin nan bai fara gudu ba. Ran da ka yi addu'arka ya riga ya kusa, da ka yi da ba ka yi ba, nan zai faɗi. Bai ji ka ba. Wannan na sani."

Ya ce in sake faɗa. Na sake faɗa. Ya ɗebi ruwan kogi ya wanke fuska, ya ja igiyar inji, ya juya jirgi babu fasinja ko ɗaya, masu jira a gaɓa suna ta yi masa ihu.

A ƙofar ɗakin ya cire takalma ya durƙusa, ya kasa shiga. Inna ta ɗago kai da ƙyar ta dube shi. Na yi zaton za a yi koke-koke da neman gafara, har na ja baya don in ba su wuri. Abin da ta fara cewa shi ne, "Dube ka kamar sandar tuƙi. Ba a ba ka abinci can?" Ya ce, "Ana ba ni, Yaya." Ta ce ya matso. Ta gaya masa maganar gamba da bakinta, ba ta rage komai ba, shi ma ya gaya mata tasa. Ta ce lallai su biyu babu mai wayo a cikinsu. Ya yi dariya yana kuka, ta kama kunnensa ta riƙe.

Daga ranar bai koma ruwa ba. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, shi yake ɗaga ta, shi yake ba ta kunu da ludayi, idan na miƙa hannu ya ce in bari, ni na samu shekara biyu shi bai samu ba. Suna hira ƙasa-ƙasa kan mutanen da ban sani ba, da wata akuya da suka taɓa ɓatarwa suna yara. Wani lokaci barci ya ɗauke ta a tsakiyar magana, ya zauna yana jira ta farka ta ƙarasa.

Kwana shida suka samu. A rana ta bakwai da hantsi ta cika, kanta a kan cinyarsa. Da aka dawo daga maƙabarta ya zauna cikin masu karɓar gaisuwa, duk wanda ya ce masa ya haƙuri sai ya amsa, sannan ya ƙara da cewa, "Mun shirya kafin ta tafi." Ya yi ta faɗa wa kowa, har waɗanda ba su san an taɓa ɓatawa ba. Ina daga cikin gida ina jinsa ta katanga, ina kuka, domin abin da na gaya masa a cikin jirgi na san shi tun ranar da dutsen ya faɗo.